Awo Kafin Yanka

Ubana baduku ne a Birni.
Bai taɓa ɗora aska kan jar fata ba
sai ya fara yanka takardar siminti,
ya naɗe ta, ya dube ta a karkace,
ya ce: takarda ba ta jin ciwo,
fata kuwa kuɗin akuya ce.

Aikina ke nan ni ma, Baba,
ko da yake ka faɗa wa maƙwabta
ɗanka ya shiga jami'a koyon kallon gilashi.

Cikin tsohuwar kwamfutar da na saya a kasuwar Dole
na gina tarkon da babu shi ko'ina a duniya.
Fallayen silikon sirara kamar ɓawon albasa,
bayansu dalma, bayan dalma baƙin ƙarfe,
maganaɗisu ya zagaye su kamar ganuwa.
Ban sayi ƙusa ko ɗaya ba.
Da layin rubutu na jera su.

Sai in saki ƙwayar da zarra ta fi ta girma,
in ce mata: shiga.
Kowane taki manhaja na jefa mata ƙuri'a:
ki wuce, ko ki kauce,
ko ki fashe gida uku,
ko ki kwanta nan ki bar zafinki cikin dalma.
Wata ta lanƙwashe kamar ƙahon rago,
wata ta tarwatse kamar gero a bakin turmi,
akwai wata mai taurin kai
da ke ratsa komai, ba sallama, ba ban kwana.

Sau dubu ɗari. Sau miliyan.
Fankar na'ura na nishi kamar jakin 'yan itace.

Daren Laraba wuta ta ɗauke
a kan dubu ɗari takwas da saba'in.
Na zauna cikin duhu, ban zagi kowa ba.
Cima ta leƙo da jarka biyu,
ta ce famfo ya kawo ruwa, tashi mu tara.
Na tashi.
Ruwa a garin nan ba ya jiran mai lissafi.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba.
Cikin kowace dubu, goma sha ɗaya na ɓata.
Sun shiga, ba su fito ba, ba su bar sawu ba.
Kwana tara ina bin su kamar mai neman ɓatattun tumaki.
Malama Indo ta ce in sake duba lissafi.
Na duba har lambobi suka fara tafiya kamar tururuwa.

Ranar Juma'a, bayan an sauko,
ka tsaya a bayana da warin bagaruwa a hannunka.
Ba ka tambayi sunan komai ba.
Ka ɗora farce kan hoton,
tsakanin dalma da ƙarfe, ka ce:
nan ɗinkinka bai kama ba.

Santimita na rubuta inda milimita ya dace.
Kafa ce da ko bakin basilla zai sha wuyar shiga,
ta nan suke zurarewa.

Tarkon gaske yana can nesa,
ƙarƙashin wata ƙasa mai ƙanƙara,
wataƙila ba zan taɓa dafa ƙarfensa ba.
Nawa takardar siminti ce.
Wasu za su yanka fatar.

Amma jiya na hau duwatsun bayan gari da magariba,
suna ta amayar da zafin yini,
na tuna masu taurin kan nan na gaske
suna zubowa daga sama yanzu haka,
suna ratsa dutse, suna ratsa kwanon rufinmu,
suna ratsa tafin hannunka
kana zare zare daga bakin jaka.
Babu mai ƙirga su a nan.

Na sauko, wuta ta dawo.
Na fara daga ɗaya.